Akori-kurar Gado

Hausawa kan ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ba su ce kowane tsohon abu zuma ba ne. Akwai tsohon da ajiya ke ƙara wa daraja, akwai kuma wanda ajiya ke cinyewa sannu a hankali, mai shi yana kallo yana zaton adana shi yake yi. Mota tana cikin kashi na biyu. Wannan shi ne abin da wani tsohon shugaban makarantar firamare a ƙasar Ƙiru ya fahimta a makare, bayan motar mahaifinsa ta shafe shekara 18 a gindin darbejiya a bayan gidansu. Mutanen garin Hedimasta suke kiransa ko bayan da ya ajiye aiki, saboda haka da wannan laƙabi za a ambace shi a nan.

Motar dai Fijo ce ƙirar 404, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da ake rufewa da tamfol, wadda Bahaushe ya raɗa wa suna akori-kura. Sunan kansa tarihi ne. Kafin zuwan irin wannan mota, kura, wato babban amalanken da ƙarti ke turawa, ita ke jigilar kaya tsakanin kasuwa da tasha. Da ƙaramar motar kaya ta shigo ta karɓe aikin, sai aka ce a kori kura, jimla guda ta dunƙule ta zama suna. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ƙirar 404 a 1960, mai ɗaukar kayanta kuma ta biyo baya a 1967. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya shigo hannun jama'a, aka kuma kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974. Noman rani ya buɗe, kaya suka yawaita, buƙatar abin ɗaukarsu ta ƙaru.

A 1977 mahaifin Hedimasta ya sayi tasa, bayan ya yi shekaru yana yaron mota, daga baya kuma direban wani attajiri. Da ita ya yi ta safarar masara daga Doguwa, da shinkafa daga Tudun Wada, da kifi daga Tiga, yana bin hanyar nan da ta ratse daga titin Kano zuwa Zariya, ta keta dajin Falgore, ta nufi Saminaka da Jos. Da kuɗinta ya gina gida, ya je Makka, ya aurar da 'ya'ya mata. A bayanta aka ɗora akwatin ƙarfen Hedimasta da tabarmarsa ranar da za a kai shi kwalejin horon malamai a 1978. A bayanta kuma aka sha kai masu naƙuda asibiti cikin dare, domin a lokacin ita kaɗai ce mota a unguwar.

Alhaji ya rasu a 1999. Aka raba gona, aka raba gida, amma da aka zo kan mota sai magada suka yi ta kallon juna, domin babu mai son a ce shi ya fara kawo maganar sayar da ita. Wani ƙanensu ya ci gaba da ja har 2001, lokacin da injin ya buga. Aka turo ta gindin darbejiya da niyyar gyara bayan kaka, kakar da ba ta zo ba. Tayoyi suka sace suka nutse a ƙasa, kaji suka mayar da gidan direba wurin ƙwai, yara suka mayar da sitiyarin abin wasa. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji," iyalin kuma suna jin cewa sun riƙe amana.

A 2019 'yan gwangwan suka zo suka taya ta a kan nauyin ƙarfenta. Ƙannen Hedimasta suka amince, kuma ba su yi laifi ba, domin kowa da ɗawainiyarsa. Yayarsu ce kaɗai ba ta ce uffan ba, ta dai tashi ta shige ɗaki. A daidai wannan lokaci kuɗin sallamar Hedimasta suka fito, bayan shekara 35 yana riƙe da alli. Sai ya tara 'yan'uwansa, ya sayi rabon kowa a kan farashin da ya ɗara na 'yan gwangwan, aka rubuta, aka sa shaidu. Da maiɗakinsa ta ji, sai ta ce, "Malam, kuɗin da ka yi shekara da shekaru kana jira, su ne za ka zuba a akurkin kaji?" Bai amsa ba, domin shi ma bai tabbata yana da amsa ba.

Bakaniken da ya kira wani magidanci ne mai gareji a Kwanar Ɗangora, wanda tsohon ɗalibinsa ne. Tarihin da ke tsakaninsu ba mai daɗi ba ne. Yaron ya bar makaranta a aji biyar bayan ya sha bulala a kan lissafi, Hedimasta kuma da bakinsa ya gaya wa uban yaron cewa kan ɗansa ba ya ja, gara a nema masa sana'a. Aka kai shi Kano koyon kanikanci, ya yi shekaru yana wanke noti da fetur kafin a ba shi sifana. Yanzu ga shi ya dawo da yaransa biyu a bayan babur. Ya durƙusa ya gaida malaminsa, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin motar da tsinken ƙarfe a hannu. Duk inda ya soka sai tsinken ya wuce, tsatsa ta zubo masa a fuska kamar garin jar ƙasa. Da ya fito ya karkaɗe jikinsa, sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, fatar tana nan, ƙashin ne ya tafi. In an tayar da injin aka ɗora mata buhu goma, a tsakiya za ta karye. Sai dai a nemo mata wani ƙashin."

Domin a fahimci abin da bakaniken yake nufi, ya kamata a san cewa ƙirar mota iri biyu ce. A iri na farko, ana ƙera shasi daban, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa da wasu a gicciye kamar tsani. A jikinsa ake ɗaura inji da giya da sifirin da ƙafafu, sannan a ɗora jikin motar a kai a ɗaure da noti. Haka ake ƙera manyan motoci, haka kuma Toyota ke ƙera Hilux tun fitowarta a 1968. A iri na biyu, jikin motar da ƙarfen da ke ɗauke da shi a manne suke da walda, kowane yana ƙarfafa ɗan'uwansa, kuma gidan direban Fijo a wannan tsari yake. Amfanin wannan shi ne rashin nauyi, illarsa kuwa ita ce idan tsatsa ta cinye ƙasa, to ta cinye ƙarfin motar gaba ɗaya. Shawarar bakaniken ita ce a yanke gidan direba da hancin Fijo daga ruɓaɓɓen ƙasansu, a ɗora su a kan shasin Hilux mai lafiya, da injinsa da birkinsa da komai nasa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce. A Amurka akwai masu sha'awar da kan ɗauki jikin akori-kurar Chevrolet ta shekarun 1947 zuwa 1955 su ɗora a kan shasin ƙaramar Chevrolet S-10 wadda ta fito a farkon shekarun 1980, su yi aikin a cikin gidajensu domin nishaɗi. A Kyuba, inda shigo da motocin Amurka ya tsaya bayan juyin juya halin 1959, tsofaffin motoci da yawa suna yawo ne da injinan dizal na wasu kamfanoni a cikinsu, su kuma larura ce ta sa su. A ƙasar Hausa ma an daɗe da sanin cewa jiki daban, shasi daban, domin manyan motoci irin su Bedford da Marsandi kan zo ne da kai da shasi kawai, kafintoci su gina musu bodin katako, masu fenti su ƙawata shi da zane da addu'a. Abin da ya zama sabo a aikin Hedimasta shi ne haɗa ƙirar Faransa da ta Japan, waɗanda shekara fiye da 20 ke tsakaninsu, kuma a yi hakan a bayan gida.

An ɗauki wata biyu ana neman Hilux ɗin da ta dace. A ƙarshe aka samu wata ƙirar farkon shekarun 2000 a Kano, wadda ta wuntsila a hanya, rufinta ya lotse, amma injinta yana tashi. Bakaniken ya kafa sharaɗi biyu kafin a biya ko kwabo. Na farko, sai an ga takardunta na asali, an kuma gwada lambar da ke cikinsu da wadda aka buga a jikin shasi, domin shasin da ba shi da takarda yana iya zama na sata, mai saye kuma shi zai kwana a ciki. Na biyu, sai an tabbatar haɗarin bai murɗe shasin ba, domin murɗaɗɗen shasi yana cin taya, yana jan mota gefe, kuma ba ya miƙewa yadda yake da.

Yadda ya gwada sharaɗi na biyu shi ne abin da ya fara girgiza Hedimasta. Bayan an sauke lotsattsen jikin, sai bakaniken ya ɗauko zare, ya ja shi daga kusurwar gaba ta dama zuwa kusurwar baya ta hagu, ya yi ƙulli. Ya sake jan zaren daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, ƙullin ya faɗa daidai kan ramin notin da ya yi alama da shi. Ya ɗago ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. In da ya murɗe, ɗaya sai ya fi ɗaya tsawo." Hedimasta ya tsaya shiru. Wannan ita ce ƙa'idar da ya sha zanawa a allo, cewa a siffa mai kusurwa huɗu madaidaita, layuka biyu da suka gitta daga kusurwa zuwa kusurwa tsawonsu ɗaya ne. Ya koyar da ita shekara da shekaru, ya yi bulala a kanta, amma bai taɓa amfani da ita a kan komai ba sai a takardar jarrabawa. Ga wanda ya ce kansa ba ya ja yana cin abinci da ita kullum.

Aka jawo shasin zuwa gida bayan kakar 2019. Aka share fili a gindin darbejiyar, aka kafa bututun ƙarfe uku aka rataya sarƙar ɗaga inji, aka yi hayar janareta saboda walda. Yarjejeniyar ita ce bakaniken zai riƙa zuwa Asabar da Lahadi, Hedimasta kuma ya yi aikin yaron gareji a sauran kwanaki. Shi ke kankare tsatsa da burushin waya, shi ke shafa jan fentin da ke hana ta dawowa, shi ke zuba kowane noti a gwangwaninsa da takardar da ke nuna inda aka kwance shi, shi ke zuwa Ƙofar Ruwa a Kano neman kayan gyara. Hannun da ya saba da alli ya yi kanta, farcensa ya yi baƙi. Masu wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, Hedimasta," in sun ba da baya kuma su yi dariya.

Ranar yanka ita ce mafi nauyi. Mai gyaran jikin mota ya zo da tukunyar gas ɗinsa, ya zana layi da alli a ƙasan gidan direba, ya kunna wuta. Hedimasta ya kasa tsayawa, ya tafi masallaci tun lokacin salla bai yi ba. Da ya dawo ya tarar da kan motar mahaifinsa yana lilo a sarƙa, ƙasan kuma an ja shi gefe. Da ya ga yadda ƙarfen ya zama kamar ganyen da fara ta ci, sai zuciyarsa ta natsu, ya gane cewa ba shi ya lalata motar ba, shekara 18 na kallo ne suka lalata ta.

Sai kuma matsaloli suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Mafi girma ita ce ta tsayin inji. Maƙeran 404 sun kwantar da injinta ne a karkace domin hancin motar ya yi ƙasa, injin Toyota kuwa a tsaye yake, saboda haka da aka sauke kan Fijo a kan shasi sai murfin inji ya ƙi rufuwa. Hedimasta ya ce a yanke murfin a yi masa tozo, bakaniken ya nuna masa cewa in an yi haka fuskar motar ta tafi, alhali saboda fuskar ake wahalar. Mafita ita ce a ɗaga gidan direba kaɗan a kan ƙafafun ƙarfe, a sa roba mai kauri tsakaninsu da shasi domin ta shanye girgiza. Bakaniken ya hana a huda saman shasin ko ƙasansa, ya ce a gefe kaɗai za a ɗaura ƙafafun, domin sama da ƙasa su ne ke ɗaukar nauyi idan mota ta faɗa rami, kuma daga huda tsaga ke farawa. Ya kuma yi gargaɗin cewa duk abin da aka ɗaga sama ya ƙara saurin tangaɗi a kwana, don haka ba za a riƙa yi mata lodi mai tsini ba.

Akwai abubuwan da dole aka haƙura da su. Giyar Fijo a jikin sitiyari take, kuma Hedimasta yana iya rufe ido ya ga hannun mahaifinsa yana sarrafa ta. Giyar Toyota a ƙasa take, saboda haka aka huda sabon daɓen aka fito da sandarta. Sandar sitiyari da fedoji da wayoyin wuta duk na Toyota aka sa, domin su ne suka san injin. Abin da ya rage na Alhaji shi ne ƙofofi, da gilashin gaba, da fitilun nan masu zagaye, da zakin da ke goshin motar, da dogon kujerar da aka sake wa fata.

A watan Afrilu na 2020 aka rufe Kano saboda annobar korona, aiki ya tsaya, kuɗi kuma suka ja baya. Da aka buɗe hanya, Hedimasta ya ƙudurta a ransa cewa da motar zai je Idin Babbar Salla, wadda ta faɗo a ƙarshen watan Yuli. Abin da ya rage a hannunsa ba zai ishi fenti da sababbin bututun birki a lokaci ɗaya ba. Bakaniken ya ce, cikin ladabi, "Allah ya gafarta Malam, bututun nan sun ga haɗari. Fenti na masu kallo ne, birki na masu rai." Hedimasta ya duba bututun, bai ga ɗigon mai ba, ya ce a bar su zuwa bayan Salla. Ya faɗi haka ne da muryar da yake sallamar aji da ita. Bakaniken ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Malam."

Mako guda kafin Salla aka fita gwaji a wata hanyar burji da ke bayan gari. Bakaniken ke tuƙi, Hedimasta na gefe, jikansa ɗan shekara 7 yana tsakiya. Injin yana ta kiɗa, iska na shigowa ta taga, har dattijon ya fara share ƙwalla. A wata gangara sai ga amalanken shanu ya fito daga gona, yara uku a kai. Bakaniken ya taka birki, ƙafarsa ta nutse kusan ƙasa. Ya sake takawa, ya sauke giya, ya ja birkin hannu, ya karkatar da motar cikin gonar dawa, ta yi ta tattake shuka har laka ta riƙe ta. Ba wanda ya ji ciwo. Da aka leƙa ƙasa sai aka ga bututun baya ya tsage a inda haɗarin farko ya lanƙwasa shi, man birki yana tsiyaya. Abin da ya cece su, bayan kiyayewar Allah, shi ne birkin motocin zamani hanya biyu gare shi, idan ɗaya ta fashe ɗayar tana riƙewa gwargwado. Tsofaffin motoci da yawa hanya ɗaya gare su, in ta fashe shi ke nan.

Hedimasta ya biya mai gona ɓarnar da aka yi masa. A daren bai runtsa ba. Abin da ya hana shi barci ba tsagewar bututu ba ce, wannan "To, Malam" ɗin ce. Mutumin ya san gaskiya, ya faɗe ta sau ɗaya, da aka daka masa tsawa sai ya koma yaron aji biyar. Tsoron da aka shuka masa shekara 30 da suka wuce shi ne ya tsiro a gangarar nan, ya kusa cin ran yara huɗu. Da gari ya waye Hedimasta ya hau babur ya tafi Kwanar Ɗangora, ya sami bakaniken a gaban yaransa, ya ce, "Na zo ba ka haƙuri sau biyu, na jiya da na tuntuni. Daga yau a kan motar nan kai ne malam. In na ce a yi abin da ka san ba daidai ba ne, ka ajiye sifana ka tafi gida." Bakaniken ya rasa inda zai sa kansa, ya ce, "Haba Malam, ai ɗa ba ya fushi da uba." Amma tun daga ranar ya fara musu, kuma aikin ya fi kyau.

An je Idi a ƙasa, kamar kowace shekara. Kuɗin fenti suka tafi a kan sababbin bututu da robobin birki. Bayan kaka, da Hedimasta ya sayar da masararsa, kafinta ya gina bayan motar da katakon maɗaci, maƙeri ya lanƙwasa ƙarafan tamfol. Sai a farkon 2021 aka fesa mata farin fenti irin nata na asali. Kafin ta hau titi, ya kai ta gaban jami'an duba lafiyar motoci da takardun Hilux da na cinikin gado, ya bayyana musu sauyin da aka yi, domin a wurin hukuma lambar shasi ita ce sunan mota. Saboda haka a takarda Toyota ce, a bakin mutanen gari kuwa motar Alhaji ce ta tashi.

Wadda aka fara ɗauka ita ce yayarsu. Ta zo tana dogara sanda, ta zagaya motar ba ta ce komai ba. Da ta zauna aka rufe ƙofa, sai ta ce a buɗe a sake rufewa. Aka sake. Ta ce, "Ita ce. Haka take ƙara in Baba ya dawo da dare." Ba ta tambayi inji ba, ba ta tambayi shasi ba, kuma ba wanda ya ga dalilin yi mata bayani.

Idan aka bi ta lissafin kasuwa, Hedimasta bai ci riba ba. Abin da ya kashe ya kusa rabin kuɗin sallamarsa, kuma da ya ƙara kaɗan da ya sayi 'yar Kwatano wadda ba ta buƙatar walda. Maiɗakinsa ba ta fasa tuna masa haka ba, musamman bayan cire tallafin man fetur a 2023, lokacin da kowace fita ta zama sai an yi shawara. Duk da haka motar tana aiki. Ɗansa na jan ta zuwa Tudun Wada da Kwanar Ɗangora, da sharaɗin da aka rubuta da fenti a cikin gidan direba na iyakar buhunan da za a ɗora, da kuma cewa ba a haɗa mutane da kaya. Ta koma kai marasa lafiya asibiti cikin dare, kamar yadda ta saba.

Ɗalibi mai shirin zama malami zai iya tsintar abu biyu a wannan labari. Na farko ya shafi gado, kowane iri ne, na dukiya ko na harshe ko na al'ada. Jingine shi a gindin bishiya ana yi masa addu'a ba riƙo ba ne. Mai son ya ɗore sai ya shiga ƙarƙashinsa da tsinke, ya rarrabe abin da ya ruɓe da abin da ya rage, ya yarda a yanke na yankewa, ya kuma san abin da in an taɓa shi kamannin sun tafi. Harshen Hausa kansa haka ya rayu: ya karɓi sitiyari da birki da shasi daga waje ya lanƙwasa su ga bakinsa, inda kuma ya ga dama ya ƙera nasa, kamar akori-kura. Na biyu ya shafi aji. Yaron da ya kasa lissafi a allo ba lalle ne ya kasa shi a zare da ƙarfe ba, wataƙila hanyar da aka biyo da shi ce ba tasa ba. Kuma malamin da ya horar da yara su yi shiru a gabansa ko da suna da gaskiya, ya sani cewa wata rana zai zauna a motar da ɗayansu ke tuƙawa.

Har yanzu in motar ta dawo da yamma a gindin darbejiyar nan ake ajiye ta. Bambancin kawai shi ne, kowace Asabar Hedimasta kan shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya bi bututun birki da yatsa daga gaba har baya, kamar yadda tsohon ɗalibinsa ya koya masa.